Daɓen Inna da Bututun da Ya Fashe

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ni'imar makwanci, ina sanar da kai mu nan Wudil lafiya lau muke, sai kewarka da ta ƙi tsufa.

Jiya jikarka ta nuna mini wani inji a waya, wai ana zura shi cikin bututun bayan gida ya gyara shi ta ciki, ba a taɓa ƙasa ba. Tana ta mamaki. Na yi dariya har na ƙware, na ce mata ai kakanta ya riga su, shi da miyar karkashi ma ya yi nasa.

Ka tuna shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka yi muku ƙarin albashi? Abokanka suka sayi babura, kai kuwa ka ce sai ka yi bayan gida mai jan ruwa a gidanmu na Sabon Gari. Aka binne bututun yumɓu tun daga tsakar gida har rami a bayan katanga. Duk baƙon da ya zo sai ka yi masa tayin ban-ɗaki kamar mai tayin fura.

Daga baya ka ɗauko mahaifiyarka, Inna, daga Indabo. Fili ɗaya ya rage, don haka a kan hanyar bututun ka gina mata ɗaki. Ka sayo siminti, ta ce ba za ta kwanta a kan abin da zai sa mata sanyin ƙashi ba. Ta aika ƙauye, mata suka zo da madaɓai, aka jiƙa makuba, aka wuni ana daɓe ana waƙa. Duk da tsufanta ita ce kan gaba. Da za ta miƙe ta dafa bakin ƙofa, shatin tafinta ya fito a ɗanyen daɓen, ta hana a shafe.

Bayan rasuwarta, saiwar darbejiyar maƙwabta ta fasa bututun. Ruwa ya daina wucewa, wari ya hana mu cin tuwo a tsakar gida, duba-gari ya fara yi mana sintiri. Mai gyaran famfo ya ce fashewar tana ƙarƙashin ɗakin Inna, kuma babu ta inda za a zagaya, sai an fasa daɓen. Ya ajiye digarsa a zaure. Kullum ya zo sai ka ce gobe. Na san ka da taurin kai, amma a lokacin tausayi ka ba ni, don ko abinci ka daina ci sosai.

Wata safiya ina zura tazuge a wandonka, ka tsaya a kaina kana kallo. Ka fizge wandon, ka juya shi, ka ja tazugen ka mayar. Na ɗauka warin ne ya taɓa maka kai. Ka hau motar Kano, da la'asar sai ga ka da bututun roba wanda bai kai tsohon kauri ba.

Washegari kai da mai famfo kuka buɗe murfin bayan ban-ɗaki da na ramin. Kuka tura doguwar waya mai ƙugiya kuka yi ta fizgo saiwoyi, sannan kuka bi da igiya. Ka toshe bakin sabon bututun da gwangwanin madara don kada ya kwashi ƙasa, kuka ɗaura masa igiyar, kuka zura shi cikin tsohon. Mai famfo yana turawa, kai kana ja. Bututun ya tafi, ya tafi, sai ya cije daidai ƙarƙashin ɗakin. Mutumin ya share gumi, ya nufi zaure wajen digarsa.

Ban san sanda na sauke tukunyar karkashin da na kaɗa mana ba. Kuka janyo bututun baya, muka shafe shi da yauƙi, ka ce bismilla. Igiya ta yanka maka tafi, ba ka saki ba, har gwangwanin ya leƙo ta bakin rami. Kuka liƙe bakunan da siminti, ya sha iska, na zuba bokitin ruwa, na zagayo da gudu in gani.

Na tarar da kai durƙushe a bakin ramin ƙazanta, ruwa yana zuba, kana kuka kamar yaro. Ranar da aka ɗauki Inna ba ka zubar da hawaye ba, kai ne ma mai ba mu haƙuri. Ashe ajiye su ka yi. Na koma da baya a hankali don kada ka ji kunya, kuma ban taɓa gaya maka na gani ba sai yau. A ranar na ƙara son ka, Malam, ga ka nan duk yauƙi da laka.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Inna. Yadda ka tsare mata ɗakinta a duniya, Allah ya yalwata maka naka, ya haskaka shi, ya sada mu a Aljanna.

Taka har kullum,
Asabe