Na Sa wa Furen Auta Takin Masara

Litinin, 5 ga Mayu
An kwantar da 'yata Auta a asibiti. Jininta ya hau, ga ciki wata bakwai, likita ya ce tana nan sai ta haihu. Mijinta ya kawo mana furenta, ya rungumo tukunyar kamar jariri. Okid wai sunansa. Shekara shida tana renonsa, tun ɓarin da ta yi na fari. Har da takarda ta haɗo: ruwan sama kawai, taki rubu'in ƙaramin cokali a lita huɗu, kada a sa ƙasa. Ni za a rubuto wa takarda! Shekara talatin da biyu ina malamin gona kafin in yi ritaya.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na leƙa tukunyar. Ba ƙasa ko kaɗan, sai ɓawon itace da gawayi, saiwoyi duk a waje. Yunwa ce ke cin abin nan. Na juye, na cika da baƙar ƙasa da kashin kaji, na barbaɗa ragowar takin masarata, rabin tafin hannu. Uwar yara daga ƙofar kicin: "Malam, yarinyar nan fa ta rubuta." Na ce ita rubutawa ta yi, ni karantarwa na yi.

Laraba, 14 ga Mayu
Asibitin nan bene hawa uku, lif ɗin hawa a mace. Ban gama haki ba Auta ta ce, "Baba, ya furena?" Na ce har ƙiba ya yi.

Talata, 20 ga Mayu
Bakin ganyen ya ƙone, biyu sun yi rawaya. Na ƙara ruwan famfo safe da yamma. Sai ma ƙara lanƙwashewa yake. Kai, na gaji.

Juma'a, 23 ga Mayu
Na kai shi wurin mai sayar da furanni na bakin titi, da ruwan gidanmu a gora, don shi nake zargi. Ya tumɓuko shi, ya shinshina, ya kau da kai. Saiwoyin sun yi baƙi, sun ruɓe. Ya tsoma wani ɗan ma'auni a ruwan, ya ce gishiri da farar ƙasa sun yi masa yawa, in duba cikin butar shayinmu in ga ɓamɓaroki. Haka ne kuwa, kullum ana kankarewa. Ya ce a dajinsa jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa iska take so, taki kuma sai dai a ɗanɗana masa. "Amma ba ruwan kaɗai ba ne, Baba. Wa ya yi wannan aika-aikar?" Na ce wani maƙwabci.
Mai furannin yana da irinsa sak, mai ganye shida. Wai in saya, Auta ba za ta gane ba. Na daɗe a tsaye, wallahi. Na dai dawo ban saya ba. A gida na ba uwar yara labari, ta ce, "Ƙarya ɗaya ba ta ishe ka ba, sai ka sayo mata ƙanwa?"

Lahadi, 25 ga Mayu
Saiwa biyu ce ta rage da rai. Na yanke ruɓaɓɓun, na wanke, na mayar cikin sabon ɓawo. Da la'asar hadari ya taso, ni ne da jera bahuna a tsakar gida, na jiƙe sharkaf. Bayana kamar an doke ni.

Laraba, 28 ga Mayu
Auta ta ce in ɗauko mata hotonsa. Na ce kyamarar wayar ta samu matsala. Ta dube ni kawai, irin kallon uwarta. Likita ya ja kunnenmu kada a ɓata mata rai, to, ina da hujja. Sai dai ni kaina ban san ko don jininta nake ƙaryar nan ko don girmana ba. Ina jin kunya, abin da ban saba ba.

Asabar, 31 ga Mayu
Wani ganyen ya faɗi. Saura biyu.

Talata, 3 ga Yuni
Na ɗauki tukunyar na kai wa Auta. Na ajiye a gefen gado na faɗi komai, har kashin kajin. Idonta ya kawo ruwa. Nas ta zo ta gwada jinin, ya ɗan ɗaga amma ba sosai ba, ta harare ni ta fita.
Auta ta ɗaga ɓawon da yatsa. "Baba, ka ga wannan koren a bakin saiwar? Bai mutu ba. Amma bana ba fure, ƙila ma har baɗi." Na ce to yanzu ya za a yi? Na ciro biro. Ta yi bayani wajen minti ashirin: a jiƙa sau ɗaya a mako, a bari ya tsane, taki sai sabuwar saiwa ta kai tsawon yatsa. Ban katse ta ba.
Da zan tashi ta riƙe hannun rigata. "Tunda nake da kai, Baba, yau ka fara tambayata yadda ake yin abu."
Na ce ta rage surutu, likita ya hana.
Ba na jin gaskiya ne. Na yi ta lalube a mota ko zan tuna wani lokacin, har na sauka. Akwai maganar hasken taga da ban gane sosai ba, gobe sai in koma in sake tambayarta.