Murhun da ke ɗumama titi

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Gidajen Ma'aikata.

Daga:
Maman 'Yan Biyu, tela, a madadin mahaifinta, tsohon direban ma'aikata, gida na ƙarshe a layin famfo.

14 ga Janairu.

Game da: Murhun gas na ɗumama ɗaki da kwamitinku ya zaɓa wa mazauna gidajen ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne saboda Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan ma'aikatar nan, yanzu kuma yake fama da asma. Ga ƙorafinsa:

1. A ranar 3 ga Nuwamba an kawo wa kwamiti murhu iri biyu. Ɗaya baƙi ne, ba shi da fasali, amma yana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Ɗayan mai fuskar gilashi ne da ado ruwan zinariya, ba bututu. Masu girma 'yan kwamiti suka kunna su a babban ɗakin taro, ƙofofi a wangale, suka ɗauki mai gilashin don an ce ya dace da labule. Baba yana wurin, ya ɗaga hannu zai yi tambaya, aka ce masa lokaci ya ƙure.

2. A ranar 20 ga watan aka kafa mai gilashin a ɗakin Baba, ɗakin da gado da kujera suka cika, taga ɗaya tal. Aka kuma tafi da tsohuwar hitarsa ta lantarki mai ɗumama ɗaki, wai tana cin wuta. Gaskiya murhun yana da kyau, irin kyan ɗan maciji.

3. A ranar 6 ga wannan wata na kai masa abincin rana, na tarar da shi a ƙasa, jingine da gado, idonsa biyu amma bai gane ni ba. Ni da maƙwabcinmu muka ciccibe shi waje. Tsoron da na ji ran nan, ban taɓa jin irinsa ba. Likita ya ce iskar ɗakin ce ta gurɓace.

4. Jami'in da kuka turo bincike ya iso da kyakkyawar riga mai kauri. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa, ya yaba ƙyallin gilashin, sannan ya yanke hukunci cewa murhu lafiyarsa ƙalau, laifin taga ne. Ya umarci Baba ya riƙa buɗe ta gaba ɗaya duk lokacin da ya kunna. Takalminsa bai taɓa dandamalin ɗakin ba.

5. Baba mutum ne mai bin umarni, ya bi. Yanzu zafin ta taga yake ficewa, har kyanwoyin layinmu sun mai da gindin tagar wurin hira. Shi kuwa yana ƙudundune cikin bargo biyu yana tari. In ya rufe, jiri. In ya buɗe, sanyi. Gaba kura, baya siyaki. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau cewa yake kada na dami manya, suna da ayyuka.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a cire wannan ƙawa a kafa masa baƙin murhun mai bututu, ko a dawo masa da hitarsa kafin sanyin nan ya kwantar da shi.

Idan kuma Mai Girma yana ganin na yi ƙari, muna gayyatarsa tare da 'yan kwamiti su zo shan shayi a ɗakin Baba. Za mu fitar da Baba waje, mu kunna musu murhun da suka zaɓa, mu ja musu taga da ƙofa. Jiki magayi.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Taku mai biyayya,
Maman 'Yan Biyu
(sa hannu)