Inna, Ranar da Kika Tura Yaya Asabe a Madadina

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Akwai maganar da muka yi ta kewayewa har kika koma ga Allah. Yau zan yi ta.

Kin tuna farkon mulkin soja, ina da cikin Zainab, ina naɗe alawa a wata masana'anta a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. An riga an sallami maigidana Bala ba tare da an faɗa masa laifinsa ba, gidan kaf albashina yake kallo. An rushe ƙungiyar ma'aikata. Duk wadda ta ce "haƙƙina", washegari sai mu ga wata a kan bencinta. Mu kuwa jikokin baƙi daga yamma da ake kira Fallata, kana buɗe baki za a nemi takardarka ta ɗan ƙasa, ko da a Jazira, cikin ƙasar nan, aka binne kakanka.

Na ji ƙishin-ƙishin cewa mai haihuwa tana da ijaza, wato hutu da albashinta. Amma wa zan tambaya? Ciki yana girma, ina ƙara sakin mayafi, ina addu'ar kada mai duba aiki ya lura.

Ke kika kawo mafita. Kika ce a gonar auduga haka kuke yi: mace ta haihu, 'yar'uwarta ta shiga layinta har ta yi arba'in, ba wadda ta taɓa rasa wurinta. "Mai gona hannu yake ƙirgawa, ba fuska ba." Kin faɗe ta kina ɓarar gyadar da za ki kai Kasuwar Umdurman, ko kai ba ki ɗaga ba. Maganarki a gidanmu kuwa yankan wuƙa ce. Na yarda, wallahi har daɗi na ji.

Da na haihu, Yaya Asabe ta yafa mayafina, ta ɗauki katin aikina. Kullum ta fita gabana faɗuwa yake har ta dawo. Ina wankan jego, kunnena yana bakin ƙofa. Ita da hannunta ya saba da tuyar kisra, gurasarmu ta dawa, sai ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Saurin nan ne ya ja mata ido.

Ranar da la'asar ta wuce ba ta shigo ba, wata abokiyar aikina ta zo tana haki. Ta ce an tsare Yaya a ɗakin masu tsaro, ana tambayarta wa ya turo ta, kuma ƙungiyar su wa take yi wa aiki. A zamanin nan, wanda aka yi wa irin wannan tambaya ba kullum yake kwana a gida ba. Kika zura takalmi. Na miƙe zan bi ki, kika ce mai jego ba ta tsallake ƙofa. Na zauna da Zainab a cinya, tana tsala kuka, na kasa ko ba ta nono.

Bayan magariba kuka shigo tare. Yaya ce ta ba ni labari. Kin tsaya gaban shugaban wurin da Larabcinki na gona, kin rantse cewa ke kika shirya komai. Ya sake ta. Amma ya ce hutun yana nan da albashinsa, da na zo na nema kafin haihuwa. Yanzu kam abin da muka yi ha'inci ne, kada in sake taka ƙofarsu.

Ko da na nema zai ba ni, Allah kaɗai Ya sani. Ni har yau ban gaskata shi ba. Ke kin gaskata.

Inna, aiki na sami wani kafin in yaye Zainab. Mun sha wuya, amma ba mu mutu ba. Abin da ban sake samu ba shi ne shawararki. Daga ranar, ko zazzaɓin yaro na kawo miki, sai ki kau da kai ki ce, "Ku tambayi masu karatu." Haka har kika rasu. Wannan ya fi korar yi min ciwo.

Ba ki cuce ni ba, Innata. Abin da ya rufa wa iyayenmu asiri kika ba ni, kuma da kika ga ya kife, ke kika je kika tsaya. Yau ma ina da maganganu cike da baki, kuma ba masu karatu nake son ji ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki hutun da ba sai kin roƙi kowa ba. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya