Shirun da Ya Kayar da Hamma

Roni, ta Kazaure,
9 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga ɗana Daudu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, Ya kuma sa ka gama bautar ƙasa cikin nasara. Mu nan kalau muke, sai dai idon mahaifinka ya ƙara rauni, bana ma ƙanenka Abu ne ya yi sharar gona shi kaɗai. Gidan nan kaf, bayan Allah, kai ake kallo.

Na ji daɗi ƙwarai da ka ce kamfanin man nan ya kira ka intabiyu ƙarshen wata, amma labarin da na ji jiya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Hamma na Gwiwa, wanda kuka karanta injiniya tare, ya dawo daga irin wannan zama hannu rabbana. Ya ce mini shugaban masu tambayar dattijo ne mai furfura. Dattijon ya shimfiɗa masa zanen bututun mai, ya faɗi ƙarfin da zai ɗauka, ya ce ko haka ne? Hamma ya ga sarai lissafin ba daidai ba ne, amma ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, don ba a gyara wa babba magana a gaban mutane. Ashe tarko ne. Dattijon ya ce Turancinsa ba laifi, amma wanda zai ga kuskure ya yi shiru, wata rana da shirunsa za a ƙone matatar mai.

Daudu, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba Turancin littafi kawai suke saye ba, wannan kana da shi. Suna son mai ɗaga kai ya yi magana a fili, a taƙaice, ya kawo dalili. In an faɗi abin da ba daidai ba, ka nemi afuwa da lafazi mai taushi, ka ce kai ba haka ka gani ba, ga hujjarka. In ba ka gane tambaya ba, ka roƙi a maimaita. Ka samu abokin zamanka ku riƙa gwadawa kullum, har bakinka ya saba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ni na tanƙwara iccen tun yana ɗanye. Ka tuna lokacin da nake koyar da ku a aji shida, ranar da na ce kogin Binuwai a Najeriya ya faro, ka ɗaga hannu ka ce daga Kamaru ne? Na sa ka durƙusa a rana har aka tashi. Daga ranar ban ƙara ganin hannunka a sama ba, ni kuwa ina ta yabon ladabinka.

Kai ne da gaskiya ran nan, ɗana. Na duba taswira da yamma na gani, girman kai ya hana ni faɗa. Ka yafe mini, kuma don Allah ka sake ɗaga hannun nan.

Innarka Batulu da Gwaggo Tasalla suna gaishe ka, ƙanwarka Fatu kuma ta ce ka aiko da hoto. Ka rubuto da zarar ka fito, hankalina ba zai kwanta ba sai na ji.

Ni ne kawunka kuma malaminka,
Hussaini.