Inna Ta Bar Maganin Suga Saboda Mai Kwamfuta

Anti Sa'adatu, don girman Allah ki taimake ni, dabara ta ƙare mini. Ƙafar mahaifiyata nake tsoron a yanke ina ji ina gani.

Ina aure a Konni, Inna kuwa tana ƙauyenmu kusa da Illela. Ta daɗe da ciwon suga, tana shan ƙwayoyin asibiti, tana surfenta tana kiwon awakinta lafiya lau. Bayan girbi sai ga wani mutum ya fara kafa rumfa ranar kasuwar Illela, da farar riga da kwamfuta, ana ce masa Dokta Sharifu. Ki riƙe wani ɗan ƙarfe a hannu, kafin ki gyara zama ya karanto miki hanta da ƙoda da jini, ba allura ba komai. Ya ce wa Inna ba suga ne da ita ba, dattin maganin asibiti ne ya taru mata a jiki. Ya ba ta ruwan magani a gora, ya ce ta bar ƙwayoyin. Ta bari kuwa.

Yanzu tushen kara ya soke ta a tafin ƙafa, miki ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Ta rame, kullum ƙishirwa. Da ta koma wurinsa sai ya ce alhamdu lillahi, dattin ne ke fita ta ƙafar. Anti, da fari da ta ji sauƙi ya ce magani ne ke aiki, yanzu da ta lalace ya ce magani ne ke aiki. Ni kaina ya ɗaure.

Na je da maƙwabciyata Badi'a muka riƙe ƙarfen nan. Ni mai goyo, ita ko haihuwa ba ta taɓa yi ba, amma abin da ya gaya mini shi ya gaya mata: hanta ta yi datti, jini ya yi kauri. Na faɗa wa ƙanena Jamilu, ya yi mini dariya, wai kimiyyar zamani ce, har Turawa ita suke yi, me na sani ni da na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ina ƙarama. To gaskiyarsa, ban sani ba. Na asibiti farar riga da na'ura, wannan ma farar riga da na'ura. Ta ina irina za ta gane na gaske?

Abin da ya fi ci mini rai, ni ce ƴar fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ƴar Konni take ce mini, shi ma a bayan idona. In na zauna kusa da ita sai ta kau da kai. Na ɗauko zancen ƙafar sau ɗaya, ta ja zane ta rufe, ta tashi da ɗingishi ta shige ɗaki. Na tsaya a tsakar gida kamar baƙuwa, na yi kukana na hau kabu-kabu na dawo. Wallahi ban san abin da zan yi ba.

Ƴar Fari, daga Konni

AMSA

Ƴata, share hawayenki, akwai aiki gabanki. Mikin mai ciwon suga da ya fara wari ba ya jiran a gama gardama. A kai Inna asibiti gobe, a auna sugarta, a duba ƙafar. A tafi da gorar maganin a nuna musu, kuma a bar likita ya faɗi yadda za ta koma kan ƙwayoyinta.

Kada ki ɗauki Inna marar wayo. Mutum ya gaji da haɗiyar magani kullum, an ce masa har ƙarshen rai ne, sai ga wani ya zaunar da shi, ya saurare shi, ya yi masa alkawarin rabuwa da ciwon gaba ɗaya. Ko ni sai na tsaya na ji. Kuma ma'aikatan asibiti wani lokaci suna sallamar tsofaffi da gaggawa, ba bayani. Wannan gyara ne da ke wuyansu.

Kin ce ba ki san yadda ake gane na gaske ba, alhali kin riga kin gane. Farar riga tela ke ɗinka ta, kwamfuta kuwa a kasuwa ake sayenta. Kimiyya ta gaske tana yarda a gwada ta, kuma tana faɗin abin da in an gani, to ta yi kuskure. Ƴar na'urar auna suga ta asibiti, a auna mutum kafin ya ci tuwo a sake aunawa bayan ya ci, lambar za ta canza. A ba wani ma'aikaci ya auna, kusan abu ɗaya zai samu. In magani bai karɓi mutum ba, likita zai ce bai karɓa ba, ya canza. Wani lokaci ma zai ce bai sani ba, ya tura ki gaba. Shi kuwa mai rumfa, a warke ya yi daidai, a lalace ya yi daidai. Maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta ba kimiyya ba ce, kayan kimiyya kawai ta ara ta sa.

Jamilu kuma bar musu da shi. Ki roƙe shi ya riƙe ƙarfen da safe, ya koma da yamma da wata riga, ya faɗi wasu shekaru daban, ya ga ko hantarsa tana nan yadda take. In ya yarda kimiyya ce, ai ba zai ji tsoron gwaji ba. Amma ƙafar Inna ba za ta jira wannan ba.

Batun kunya, kada ki ce za ki karya ta yau. Ki bi ta wanda Inna ba ta iya yi wa musu, yayanta ko aminiyarta, su yi magana, ke ki kawo abin hawa ki tsaya a ƙofa. In ta kau da kai, ki bar ta ta kau, ki tallabi ƙafar ki ɗora. Kunya ta hana ta kiran sunanki ne, ba ta hana ki ɗaukarta ba.

Allah Ya ba Inna lafiya. Ina fatan watarana ta tako gidanki da ƙafafunta biyu, ta tsaya a zaure tana tambaya ko ƴar Konni tana ciki.

Anti Sa'adatu