Mutum-mutumin Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya su Anti da yara? Mu nan lafiya, sai dai zancen Baba.

Ka san tun da likita ya ce zuciyarsa ba ta son wahala na hana shi zuwa shagonsa na gyaran kujeru. Da, kullum sai mun yi faɗa. Yanzu ya yi lakwas, abin da ya dame ni ke nan. Ya sa mai shagon kayan gini ya kawo masa soson katifa, fayif ɗin roba, waya, gam da fenti. Wai malamar makarantar bayan layinmu ce ta roƙe shi ya haɗa mata mutum-mutumi na wasan kwaikwayo. Wuni yake yana yankan soso da wuƙar burodina, ɗakin duk warin gam. Jiya na leƙa, na same shi yana auna kafaɗarsa da tef. Yana ganina ya wayance da sosa baya.

Ruwa ba ya tsami banza. Me ka gani?

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na samu saƙonki, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Soson bai dame ni ba. Wace ce wannan malamar? Tana da aure? Tsoho mai gidan kansa, ba mata, kin san halin mutane. Ki je makarantar ki bincika ba tare da ya sani ba. Ko bakin ƙofa kada ki bari ya taka. Idan abin ya fi ƙarfinki zan zo in ɗauke shi ya dawo wurina.

Ki gaishe shi.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta.

Na je makarantar. Babu wasan kwaikwayo, malamar ma ta bar aiki tun bara.

Da na dawo na kai masa maganin rana. Yana kan kujerarsa ya fuskanci taga, da hula da mayafin sanyi. Na tsaya a bayansa ina ta faɗa: "Baba, me ya sa za ka yi mini ƙarya?" Shiru. Na dafa kafaɗarsa, sai kai ya gangaro ƙasa. Yaya, ihun da na yi har maƙwabciya ta shigo da muciya. Soso ne! Ƙashin bayan fayif, yatsun waya, har furfura ya yi masa da zaren katifa.

Na ruga shago. Daga tsallaken titi na hango shi zaune cikin tsofaffin abokan aikinsa, ƙusa a baki, yana nuna wa wani yadda ake jan yadi. Dariya yake har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun Mama na da rai.

Na kasa tsallakawa. Na koma gida na mayar da kan, na gyara hular. Da yamma ya shigo ta ƙofar baya, na yi kamar ban ji ba. Har yanzu ina tsoron zuciyar nan, amma ka dakata da zancen ɗauke shi.

Taka,
Auta

Auta,

Ba zan dakata ba. Yau soso, gobe gawa. Ina nan tafe ranar Asabar, ki haɗa masa kayansa.

Yayanki

Babban ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka.

Ƙanwarka ba ta iya ɓoye magana ba, ba ta kuma iya ɗora kai ba, a karkace ta mayar mini da shi. Na yarda zan riƙa shan magani a kan lokaci, kuma ba zan ɗaga abu mai nauyi ba. Shago kuwa zan je.

Ka zo Asabar ɗin, muna marmarin ganinka. Za ka tarar da mu biyu a ɗaki. Ka ɗauki wanda ba ya gardama.

Mahaifinka