Ƙyallayen Asma'u

Runjin Sambo, Sakkwato

Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen Kumasi. Yaya ƙafar taki? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan sai godiyar Allah.

Ran Talata na buɗe akwatin Asma'u, Allah ya jiƙanta, don in fitar da tufafinta sadaka. Nan na ga abin da take yi da ƙyallayen nan da nake yi mata faɗa a kansu. Yaya, ashe gidanmu na Ƙofar Taramniya yarinyar nan ta ɗinka, faɗinsa bai kai dardumar salla ba. Ƙofar zaure jar fata ce, rijiya murfin kwalba, ganyen darbejiya kuwa koren ulu. Kowa na gidan ta sa guntun tufafinsa a wurin zamansa. Na gane Baba da shaddarsa ruwan toka. Ɗinkin sai ki rantse na keke ne, alhali da hannu ta yi shi, tana kwance.

Ni kuwa sau nawa ina kwasar ƙyallayen in goge risho. Iyakarta ta ce, "Mama, ki bar min shuɗin dai."

Wuri ɗaya ta bari fari, kusa da nawa, ta rubuta sunanki da biro. Don Allah ki aiko guntun tsohon zanenki, wanda kika sha ɗaurawa, ba sabo ba.

Ki gai da Alhaji da yara, ku sa ta cikin addu'a. Bakin ɗinkin ma ba ta kalmashe ba, ni kuma har yau na kasa ɗaukar allurar.

Ƙanwarki,
Hajo